Maggie Alphonsi: Daga Filin Zari-Ruga Zuwa Gaban Makirufo

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau shirin namu Ingila zai kai mu, wurin wata baiwar Allah mai suna Maggie Alphonsi, wadda asalin iyayenta 'yan Najeriya ne. Ta shafe shekara goma sha ɗaya tana buga wa Ingila ƙwallon zari-ruga, ta ci kofin duniya, sannan ta rataye takalmi tana da shekara talatin da ɗoriya. Abin da ya ja hankalinmu ga labarinta shi ne abin da ya biyo bayan rataye takalmin. A yau tana sharhin wasanni a talabijin da rediyo, tana rubutu a jarida, kamfanoni na biyan ta kuɗi ta je ta yi wa ma'aikatansu jawabi, har ma ta samu kujera a majalisar da ke tafiyar da wasan a ƙasar baki ɗaya.

Kowa ya sani, kwanakin ɗan wasa a fili ƙidayayyu ne. Gwiwa na gajiya, kafaɗa na gocewa, yara masu jini a jika na tasowa. Wanda ya daina wasa yana da shekara talatin, in Allah Ya ba shi tsawon rai, sauran rayuwar da ke gabansa ta fi wadda ya bari a baya yawa. To da me zai cika ta? Amsar da wannan mata ta bayar da aikinta, ita za mu duba yau. Ku gyara zama.

(Kiɗa kaɗan)

Bari mu fara da wasan kansa, saboda ba kowa ne ya taɓa kallonsa ba. Ƙwallon zari-ruga ba zagayayye ba ne, dogo ne mai tsini ta kai biyu, kuma da hannu aka fi sarrafa shi. Kowane ɓangare mutum goma sha biyar ne, ana yin minti tamanin. Babbar dokarsa ita ce, ba a miƙa ƙwallo gaba da hannu, sai dai gefe ko baya. In kana son ka ci gaba, ko dai ka rungume shi ka ruga, ko ka buga shi da ƙafa. Wanda ya kutsa ya dire ƙwallon a bayan layin abokan hamayya ya samu maki biyar, bugun da ke biyo baya maki biyu, bugun hukunci kuma maki uku. An yarda a cafke wanda ke riƙe da ƙwallo a kai shi ƙasa. Wasan ya samo sunansa na Turanci daga wani gari a tsakiyar Ingila, kuma an kafa hukumarsa ta ƙasar, wadda ake kira RFU, tun 1871. Mata kuwa sai a 1991 suka yi gasar cin kofin duniya ta farko, a yankin Wales, inda Amurka ta doke Ingila a wasan ƙarshe. Wato shekara ɗari da ashirin ke tsakanin kafa hukumar da gasar mata ta farko.

An haifi Maggie a ranar 20 ga Disamba, 1983, a unguwar Lewisham da ke birnin Landan, ta tashi a Edmonton, arewacin birnin, a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi. Mahaifiyarta ce ta rene ta ita kaɗai. An haife ta da ƙafa ɗaya a murɗe, tafin ya juya ciki, sai da aka yi mata aiki a asibiti tana ƙarama.

Jama'a, a nan zan ɗan tsaya, don wannan lalura tana nan a garuruwanmu. Kusan jariri ɗaya cikin dubu ake haifa da ita a duniya, kuma tana da magani. A yau hanyar da likitoci suka fi bi ita ce wadda wani likita mai suna Ignacio Ponseti ya fito da ita: a riƙa miƙe ƙafar a hankali ana naɗa mata filasta, ana canzawa mako-mako na 'yan makonni, galibi a ɗan tsaga jijiyar dunduniya, daga nan jariri ya riƙa sa wasu takalma na musamman don kada ƙafar ta koma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wadda ta haihu ta ga ƙafar jaririnta a haka, a garzaya asibiti tun cikin makonnin farko, kada a zauna ana cewa haka Allah Ya yi shi. Allah da Ya kawo cutar Shi Ya kawo maganinta. Ga shi yarinyar da aka haifa da irin wannan ƙafa ta zo ta yi wa ƙasa guda gudu a fili.

A makarantar sakandare Maggie ba ta cikin yaran da malamai ke yabo. Ita da bakinta takan faɗi cewa fitinanniya ce a lokacin, ga faɗa, ga rashin ji, har ta kai ana maganar korar ta. Cikin wannan hali ne ta lura da malamarsu ta motsa jiki ta zo makaranta da kumburarren ido. Ta tambaye ta abin da ya same ta, malamar ta ce ai a filin zari-ruga ta samo shi. Wannan malama ita ce Liza Burgess, wadda ta yi kyaftin ɗin 'yan wasan mata na Wales, kuma tana cikin waɗanda suka kafa ɓangaren mata na kulob ɗin Saracens. Malama Liza ta dubi ƙarfin da yarinyar ke ɓarnatarwa a faɗa, ta ce mata ta je Saracens ta gwada. Shekarunta goma sha huɗu a lokacin. Da ta je ta tarar da wurin da ake yaba mata a kan abin da ake yi mata faɗa saboda shi a makaranta, muddin ta bi doka. Tana da shekara goma sha tara aka kira ta babbar tawagar Ingila.

Lamba bakwai take sawa. Don ku san irin aikin mai wannan lamba, ku kawo hoton a ranku. 'Yar wasan ɗaya ɓangaren ta taho a guje da ƙwallo a ƙirji. Mai lamba bakwai za ta sunkuya, ta sa kafaɗa a cinyarta, ta naɗe ƙafafunta da hannu biyu, su zube tare. Doka ta ce wadda aka kayar ta saki ƙwallo, wadda ta kayar kuma ta sake ta, ta miƙe tsaye kafin ta taɓa shi. Cikin daƙiƙa biyu zuwa uku sai ta tashi, ta kafa ƙafafu, ta duƙa a kan ƙwallon tana ƙoƙarin fizge shi, alhali ta san ƙarti biyu ko uku na tafe da gudu su banke ta. In ta yi saurin kai hannu, alƙalin wasa ya hura mata usur. In ta yi jinkiri, dama ta wuce. Tana tashi daga nan sai ta ruga inda ƙwallon ya koma, a sake sabon lale, haka har minti tamanin. Tsawon Maggie bai wuce mita 1.63 ba, amma irin yadda take kai mutane ƙasa ya sa Turawa suka yi mata laƙabi da Inji.

Sau 74 ta buga wa Ingila, sau 28 ta dire ƙwallo a bayan layi. Tana cikin tawagar da ta lashe gasar ƙasashe shida ta Turai sau bakwai a jere, daga 2006 zuwa 2012. Sai dai kofin duniya ya daɗe yana ba su wahala. A 2006, a ƙasar Kanada, sun kai wasan ƙarshe, Niyu Zilan ta doke su da ci 25 da 17. A 2010, a gida Landan, suka sake kaiwa, Niyu Zilan ta sake doke su, wannan karon da maki uku kacal, 13 da 10. Duk da haka, rawar da ta taka a wannan shekara ta sa jaridar Sunday Times ta zaɓe ta gwarzuwar 'yar wasa ta shekara, ƙungiyar marubutan zari-ruga kuma ta ba ta kyautar Pat Marshall, wadda babu macen da ta taɓa samu kafin ita. A 2012 Sarauniya Elizabeth ta ba ta lambar girma ta MBE.

Sai a karo na uku haƙa ta cimma ruwa. Ranar 17 ga Agusta, 2014, a birnin Faris, Ingila ta kara da Kanada, ƙasar da suka yi kunnen doki da ita 13 da 13 a zagayen farko na wannan gasa. Maggie ce ta miƙa wa Danielle Waterman ƙwallon da ta dire na farko, Emily Scarratt ta rufe da na biyu, aka tashi 21 da 9. Rabon Ingila da wannan kofi tun 1994. Bayan gasar ne Maggie ta sanar da cewa ta gama buga wa ƙasa.

Yanzu ga abin da nake so masu saurare su riƙe da kyau. Matan da suka ɗaga wannan kofi ba albashi ake biyan su don wasa ba. Kyaftin ɗinsu, Katy McLean, malamar firamare ce. Marlie Packer gyaran famfo take yi. Sophie Hemming likitar dabbobi ce. Da rana kowa tana wurin aikinta, atisaye kuma sai da asuba ko da dare, tafiya gasa kuwa sai an nemi hutu a wurin aiki. Wannan rashin adalci ne, babu ko tantama, domin tun 1995 aka fara biyan maza a wannan wasa a fili. Amma halin ya tilasta wa matan abin da 'yan wasa da yawa ke sakaci da shi: kowacce ta riƙe wata sana'a tun tana kan ganiyarta.

Ita Maggie karatu ta haɗa da wasan. Ta yi digiri a fannin kimiyyar wasanni da motsa jiki a Jami'ar De Montfort, ta ƙara da digiri na biyu a Jami'ar Roehampton. Ta yi aiki da hukumar RFU tana zaƙulo 'yan mata masu hazaƙa a Landan da kewaye. Ta yi aiki da gidauniyar Youth Sport Trust, wadda ke tura fitattun 'yan wasa makarantu su zama abin koyi ga ɗalibai. Ku duba abin da waɗannan ayyuka suka koya mata: tsayawa gaban yara masu surutu har ta ja hankalinsu, rubuta rahoto, zaman taro da manya, tsara aiki da kasafinsa. Ranar da ta bar fili, duk wannan yana hannunta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Za mu ɗan shaƙata, in mun dawo mu ji yadda ta shiga gidan talabijin. Kada a je ko'ina.

(Kiɗa)

Madalla, barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan Maggie Alphonsi, tsohuwar 'yar wasan zari-ruga ta Ingila, da irin rayuwar da ta gina bayan barin fili.

Abin da ta fara gwadawa bai kai ta inda ta so ba. Ta koma wasan jifan dalma, da burin zuwa gasar Olamfik ta 2016 a birnin Rio na ƙasar Birazil, amma ba ta kai ga zuwa ba. Na kawo wannan ne saboda matasanmu su san cewa ko gwanaye sukan ƙwanƙwasa ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ba ta tsaya jimami ba, ta juya ga wata.

A 2015 Ingila ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin duniya ta maza, gidan talabijin na ITV ne kuma ke da ikon nuna wasannin a Birtaniya. Suka sa ta cikin masu sharhi. Da haka ta zama tsohuwar 'yar wasa mace ta farko a ƙasar da ta yi sharhi a kan wasan maza na ƙasa da ƙasa, tana zaune kafaɗa da kafaɗa da mazan da suka yi suna a duniya.

Mai kallo daga gida zai ɗauka aikin sharhi hira ce kawai. Mu da muke gaban makirufo mun san ba haka abin yake ba. Kwanaki kafin wasa, mai sharhi zai zauna ya kalli wasannin baya na ɓangarorin biyu, ya haddace sunayen mutum arba'in da shida, masu farawa da masu jiran canji, ya koyi furta su daidai, ko da sunan ɗan Fiji ne ko ɗan Jojiya. Ana cikin wasa yana rubutu, yana gaya wa masu aikin hoto su ware masa wuri kaza da wuri kaza. Da an tafi hutun rabin lokaci sai fitila ta kama. Akwai 'yar na'ura a kunnensa, furodusa na yi masa magana ta ciki, yana ƙirga masa daƙiƙoƙin da suka rage kafin a tafi talla, shi kuma bakinsa bai tsaya ba. Cikin abin da bai fi minti ɗaya ba ake so ya nuna wa tsohuwar da ba ta san dokar wasa ba dalilin da ya sa aka ci, ba tare da ya gunduri tsohon ɗan wasan da ke kallo ba. In ya yi tuntuɓen harshe babu gyara, miliyoyi sun riga sun ji.

A nan ne lambarta ta bakwai ta yi mata rana. Wurin da aka fi rikici a wasan zari-ruga shi ne inda aka kayar da mutum ake kokawar ƙwallo. A nan alƙali ya fi hura usur, a nan kuma 'yan kallo suka fi ruɗewa. Ita kuwa shekara da shekaru kanta na cikin wannan turmutsitsi. Ta san wanda ya shigo ta gefe, da wanda ya ƙi sakin ƙwallo, da wanda ya jingina a kan mutum maimakon ya tsaya da ƙafarsa. Ga kuma iya bayani da ta koya a aji da kuma gaban ɗalibai. Kofin duniya ne ya sa aka gayyace ta a karon farko, amma sanin aiki da shiri ne suka sa aka ci gaba da kiran ta, a ITV da BBC da sauransu, gasa bayan gasa. Jaridar Telegraph ma ta ba ta fili tana rubutu, a 2023 kuma ta fitar da littafin tarihin rayuwarta.

Hanyar ba ta rasa ƙaya ba. Ta sha fitowa ta bayyana irin zagin da ake aiko mata ta shafukan sada zumunta, wani saboda ita mace ce, wani saboda launin fatarta. Hujjar da masu sukar suka fi kawowa ita ce, wai ba ta taɓa buga wasan maza ba, don haka ba ta da ta cewa. To jama'a, fili ɗaya ne, doka ɗaya ce, minti tamanin ɗin ma ɗaya ne. Maza nawa ne ke sharhi a kan wasan mata ba wanda ya ce musu uffan? A auna mai sharhi da abin da ya faɗa: in daidai ne a karɓa, in kuskure ne a gyara masa cikin mutunci. Wannan ya shafe mu mu ma da ke riƙe da waya a hannu. Kalmar da ka rubuta a ƙarƙashin hoton wani, mutum ne mai uwa da uba zai karanta ta, kuma za a tambaye ka a kanta.

A 2016 abubuwa biyu suka same ta. Hukumar zari-ruga ta duniya ta sa sunanta a jerin gwarazan wasan na tarihi, sannan aka zaɓe ta a majalisar hukumar RFU, tsohuwar 'yar wasa mace ta farko da ta hau irin wannan kujera. Majalisa wuri ne na takardu da kwamitoci da dogon zama, babu tafi, babu kyamara. Amma a irin waɗannan ɗakuna ake yanke shawarar inda kuɗi za su tafi, da wanda za a ba fili, da wanda za a ce ya jira. Wadda ta taɓa neman hutu a wurin aiki don ta je ta wakilci ƙasarta ta san abin da za ta faɗa a irin wannan zama. Ba ta kuma ɓoye burinta na shugabantar hukumar wata rana ba.

Canjin da aka samu aikin mutane da yawa ne, ba nata ita kaɗai ba, amma ku ji yadda abin ya sauya. A watan Janairun 2019 hukumar ta ba mata 28 kwantiragin cikakken aiki, wasa ya zama sana'arsu. Wasan ƙarshe na 2010 da aka doke su Maggie, a ƙaramin filin da ke tsallaken titi daga babban filin Twickenham aka yi shi, gaban mutum dubu goma sha uku da 'yan kai. Ranar 27 ga Satumba, 2025, a cikin babban filin kansa aka yi wasan ƙarshe na mata, mutum 81,885 suka cika shi maƙil, Ingila ta doke Kanada da ci 33 da 13.

Sai mu zo ga harkar jawabi, wadda ita ce ɓangaren kasuwancinta. A ƙasashen Turai wannan sana'a ce mai zaman kanta. Banki ko kamfanin inshora ko jami'a za su shirya taron ma'aikata, su nemi wanda zai zo ya yi musu magana a kan shugabanci, ko aiki tare, ko yadda ake tashi bayan faɗuwa. Akwai dillalai da aikinsu ke nan, su haɗa mai jawabi da mai taro, a yi ciniki, a sa hannu a takarda, su cire la'adarsu. Mai jawabin kirki ba ya zuwa da magana ɗaya yana zagaya gari da ita. Kafin ranar zai tambayi masu taron: su wane ne za su zauna, me ke damun su, me kuke so su fita da shi? Sannan ya ɗinka jawabin daidai jikinsu. Bayan taro akwai takardar neman biya, akwai haraji, akwai lissafi. Jarin wannan kasuwa suna ne da amana. In ka makara sau ɗaya, ko ka je ka yi shirme, labari zai riga ka isa wurin na gaba.

Me Maggie ke da shi da kamfani zai biya kuɗi ya ji? Ta san yadda tawaga ke komawa atisaye bayan ta sha kashi sau biyu a wasan ƙarshe, shekara huɗu-huɗu tsakani. Ta san yadda mutum goma sha biyar, dogo da gajere, mai gudu da mai ƙarfi, ke aiki wuri ɗaya kowa da amfaninsa. Ta san yadda ake ji in ka shiga ɗaki ka tarar babu mai kama da kai. Ta san abin da kalma ɗaya daga malami ke yi wa yaron da kowa ya fid da rai da shi. Duk abubuwan nan a jikinta ta ɗanɗana su, karatun da ta yi kuma ya ba ta hanyar tsara su yadda akawu ko injiniya zai ɗauka ya yi aiki da su ranar Litinin. Wannan ne bambancin mai jawabin da ke da abin faɗa da mai tara kalmomi masu daɗi. Yanzu da masu kiran kansu masu zaburarwa suka yi yawa a intanet, kafin ka ba mutum kunnenka ko kuɗinka, tambayi abin da ya taɓa ginawa, da wahalar da ya taɓa sha a kan abin da yake koyarwa.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ga saƙonmu.

Matasa 'yan wasa, maza da mata, ko ƙwallon ƙafa kuke yi, ko guje-guje, ko dambe, ko kokawa: ku riƙe makaranta ko sana'a tun yanzu da ƙafa ke da ƙarfi. In ana hira da ku bayan wasa, ku ɗauke ta a matsayin darasi, ku koyi tsara magana. Ku koyi dokokin wasanku har ku iya koyar da su. Ku riƙe lambar mutanen kirki da kuka haɗu da su, ku kuma kiyaye sunanku, don shi za ku ci gaba da ci bayan an daina tafa muku.

Iyaye, ba cewa muke kowace yarinya ta tafi filin zari-ruga ba. Kowace al'umma da tarbiyyarta da suturarta, kuma akwai hanyoyin motsa jiki da neman ilimi da suka dace da mutuncinmu. Abin da muke roƙo shi ne, in Allah Ya ba 'yarku baiwa, ta magana ce, ta lissafi ce, ta ƙarfin jiki ce, ku nema mata hanyar da za ta bi da ita, ku kuma bar ta ta yi karatu mai zurfi.

Malamai, a kowane aji akwai yaron da ya gagari kowa. Kafin a rubuta takardar kora, wani ya zaunar da shi ya binciki inda ƙarfinsa yake. Malama Liza Burgess ba kuɗi ta kashe ba, lura ta yi, ta yi magana, ta nuna hanya.

Masu horarwa da shugabannin ƙungiyoyin wasa, yaron da ke hannunku amana ne. Ku tambaye shi sakamakon jarrabawarsa kamar yadda kuke tambayar lafiyar gwiwarsa. Ku tsara atisaye yadda ba zai ci lokacin makaranta ko na koyon sana'a ba. Idan kuma tsofaffin 'yan wasanku, maza ko mata, sun nuna sha'awar horarwa ko alƙalanci ko shugabanci, ku matsa musu su zauna.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Muna jiran ra'ayoyinku da tambayoyinku ta hanyoyin da kuka saba aiko mana, musamman daga tsofaffin 'yan wasa da suka kama wata sana'a, don matasa su amfana da abin da kuka gani.   

(Kiɗan rufe shiri)